Yadda na sayo tsohuwar Peugeot 504 a Kanada na shigo da ita Amurka

Tun da hoton motar nan ya zaga cikin jama'armu ta Bronx a birnin New York, tambaya biyu ake yi mini: nawa ka saye ta, kuma ta yaya kwastan suka bar ta ta wuce. Amsar ta fi ƙarfin gaisuwar ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki. Motar Peugeot 504 ce ƙirar 1978, mai ƙofa huɗu, injin fetur, giyar hannu. Na sayo ta a wani ƙauye da ke kudu da Montreal, a lardin Quebec, cikin watan Satumba na 2023, na shigo da ita jihar New York ta iyakar Champlain. Duk lissafin da zan kawo na wannan shekarar ne. Daga 2025 gwamnatin Amurka ta yi ta taɓa harajin kayan waje, har da na motoci, don haka wanda zai bi sawuna ya fara kiran kwastan ya ji abin da ake karɓa yau kafin ya fitar da ko sisi.

Wanda ya tashi a Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani a kan 504 ba. Kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, kuma bai saki 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000, alhali Faransa ta daina ƙera mai ƙofa huɗun tun 1983. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce kuma ke lodin fasinja a tashar Kawo. A Amurka kuwa baƙuwa ce. Peugeot ta tattara nata-ya-nata ta bar kasuwar ƙasar a 1991, kuma waɗanda suka rage a hannun mutane kaɗan ne. A tallace-tallacen da na yi ta bi, a Quebec na fi ganin su, inda masu magana da Faransanci suka fi rawar jiki a kan motocin Faransa. Ƙanena da ke gida ya yi mini dariya a waya, ya ce, "Yaya, Fijo za ka je Kanada nema? Ka zo Panteka ka zaɓa." Na yi tunanin hakan da gaske, domin sitiyarin na gida ma a hagu yake, kuma dokar Amurka ba ta damu da ƙasar da mota ta fito ba in dai shekarunta sun cika. Abin da ya hana ni biyu ne. Da wuya ka samu 504 a gida da injinta na asali, kusan kowacce an sauya mata zuciya, wata ma fiye da sau ɗaya. Sannan kuɗin jirgin ruwa daga Legas da na ejan a tashar ruwa sai su kai kuɗin motar.

Maganar injin na asali ba tsirfa ba ce, doka ce, kuma daga nan ya kamata kowa ya fara kafin ya kalli hoton ko wace mota. Hukumomi biyu ne ke da ta cewa. Ta farko ita ce mai kula da lafiyar motoci a kan titi, NHTSA, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar sufuri. A wurinta, motar da ta cika shekara 25 da ƙerawa ta fita daga sharuɗɗan da ake gindaya wa sababbi, kuma daga watan da aka ƙera ta ake ƙirgawa, ba daga shekarar da ke rubuce a talla ba. Ta biyu hukumar muhalli ce, EPA, mai duba hayaƙi. Ita shekara 21 take nema, amma da sharaɗin injin da ke cikin motar ya zama nata na asali ko irinsa sak. Akwai maganganu biyu da suka so su ruɗa ni a farko, kuma na ji suna ruɗa mutane da yawa. Ɗaya ita ce ta shekara 15. Wannan dokar Kanada ce, ta shigar da mota Kanada. Shi ya sa za ka ga motocin Japan masu sitiyari a dama suna yawo a wasu lardunan Kanada da lambarsu daidai, amma in ba su cika 25 ba, ba za su zauna a Amurka ba ko da ka saye su da halaliyarka. Ɗayar ita ce ta aika takardu kan iyaka awa 72 kafin ka iso. Wannan ta masu fitar da mota daga Amurka ce. Mai shigowa da ita ba ta shafe shi ba.

Sai maganar farashi, wadda ta fi cin lokacina fiye da duk ofisoshin da na shiga. Tsohuwar mota ba ta da farashin kanti. Littattafan farashin da dillalai ke buɗewa na motocin yau da kullum ba su kai 1978 ba. Kuɗin da ka gani a shafin talla na Kijiji ko a kasuwar Facebook buri ne na mai mota, ba ciniki ba ne, kuma akwai tallan da na gani yana nan tun bara da kuɗinsa bai motsa ba, abin da ke nuna ba wanda ya taya. Abin da ya yi mini amfani shi ne shafukan gwanjo irin su Bring a Trailer, inda ake barin sakamakon kowane gwanjo a buɗe, da hotuna barkatai har na ƙarƙashin motar, da kuɗin da aka sallama a kai. Na tattara duk 504 mai ƙofa huɗu da aka sayar a shekarun baya-bayan nan, na ware masu dizal gefe, na ware doguwar nan ta iyali gefe. Na kuma cire mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi gaba ɗaya, domin su wata duniya ce daban: kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya yi musu jiki, ba su da yawa, kuma kuɗinsu kan ninka na mai ƙofa huɗu sau da yawa. Masu sayarwa na son su nuna maka sakamakon irin waɗannan su ce ai duk 504 ce. Ba ɗaya ba ne.

Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty yana da ma'auni mai hawa huɗu wanda kusan kowa a wannan harka ke magana da shi. Hawa na ɗaya motar baje koli ce wadda ba ta da ko ƙwarzane. Na biyu mai kyau ƙwarai, wadda sai gwani zai ga aibinta. Na uku lafiyayya, ana hawanta, amma aibinta a fili yake. Na huɗu tana tashi tana tafiya, sai dai tana neman aiki. Duk mai motar da na yi magana da shi yana ganin tasa a hawa na biyu take, kuma kusan dukkansu tsakanin na uku da na huɗu suke. Tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ba ƙarama ba ce, don haka ciniki na gaskiya shi ne ku fara yarda a kan hawan da motar take, kuɗin ya biyo baya. Ni abin da na yi shi ne na ɗauki kuɗin da ake sayar da ta hawa na uku a cikin Amurka, na cire kuɗin ɗauko ta, na cire harajin kwastan da na jiha, na cire gyaran farko. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da zan iya biya a Quebec, na mayar da shi dalar Kanada, na rubuta a takarda na sa a aljihu don kada son motar ya ɗebe ni. A ra'ayina 504 mai ƙofa huɗu ba motar jari ba ce. Kuɗin walda da fenti a nan sun fi ƙarfin darajarta, wanda ya sayi ruɓaɓɓiya da niyyar gyarawa ya ci riba zai kashe ninkin abin da za a taya ta.

Abubuwa biyu da ake dogara da su wajen sayen mota ta zamani ba sa aiki a nan. Lambar shasi mai harafi 17 sai a 1981 ta zama doka, don haka kamfanonin da ke sayar da tarihin mota ba su da komai a kan ta 1978. Agogon kilomita kuma gida biyar gare shi, in ya cika sai ya koma sifili, wato 62,000 da ka gani yana iya zama 162,000. Abin da ke maye gurbinsu shi ne tarin rasit na gyara da tsofaffin takardun rajista, da kuma idon makanike. Na nemi wani gareji a Saint-Jean-sur-Richelieu da ba shi da alaƙa da mai motar, na biya dalar Kanada 200, suka ɗaga ta sama suka turo mini hotuna da rahoto. Abin da na roƙe su su fi dubawa shi ne tsatsa. Quebec ƙasar dusar ƙanƙara ce, ana watsa gishiri a titi duk hunturu, kuma 504 ba ta da shasi daban da jikinta, ƙarfen jikin ne ke ɗauke da komai. In daɓen ya ruɓe, ko dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko wurin da ƙafafun baya suka kama jiki, to sheƙin fenti ba shi da amfani. Kamar sayen ragon layya ne, ba ƙaho ake kallo ba, gadon baya ake dannawa. Rahoton ya nuna tsatsa a ƙarƙashin ƙofar direba mai faɗin tafin hannu, bututun birki sun tsufa, lagireto na ɗiga, tayoyi kuma sun haura shekara goma duk da zanensu bai cinye ba. Daɓe da wurin ƙafafun baya lafiya lau, saboda motar ta shafe yawancin hunturunta a rufe cikin rumbu. Sai bayan wannan na tura kafin alƙalami na dalar Kanada 500. Kafin nan na ci karo da wani talla mai araha fiye da ƙima, mai shi ya ce yana aiki a teku, in turo kuɗi a kawo mini mota har ƙofar gida. Na ce ya ɗauki hoton motar da jaridar ranar a kan gilashi, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Quebec na da rajistar bashi da ake kira RDPRM, inda ake rubuta duk motar da aka jingina ga banki ko wani mai bin bashi. Ana bincikawa ta intanet da kuɗi kaɗan. Na bincika, babu komai a kanta. Na kuma tambayi mai motar ko rajistar da sunansa take, ba da sunan matarsa ko wani ɗan'uwa da ya rasu ba, domin a Kanada ba a ba da takardar mallaka daban irin ta jihohin Amurka, takardar rajistar ce shaida. Ya ce da sunansa take, amma ya daɗe da sanar da hukuma cewa motar a ajiye take, wato ba ta da izinin hawa titi. Wannan ya yanke maganar tuƙo ta. Na yi hayar ƙaramar tirela mai ɗaukar mota ɗungurungum, ba mai ɗaga ƙafafun gaba kawai ba, tunda 504 da ƙafafun baya take ja. Na tabbatar takardar hayar ta yarda a ƙetare iyaka da tirelar. Wani maƙwabcina, Alhaji ne mutumin Maraɗi, ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya ba da a-kori-kurarsa kuma ya ce zai raka ni, tunda Faransanci a bakinsa kamar Hausa yake. Mu biyun muna da katin zama na dindindin, don haka fasfo da katin suka ishe mu shiga Kanada. Wanda yake Amurka da bizar karatu ko ta aiki da fasfon Najeriya ko na Nijar, sai ya nemi bizar Kanada tun da wuri.

Daga Bronx zuwa iyaka hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, mai lamba 87, ta Albany, kusan wuni guda in kana jan tirela. Jami'in Kanada ya tambayi dalilin zuwanmu da tirela wayam, na nuna masa tallan da rahoton gareji, ya tambaya ko muna ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai dala 10,000. Ba mu ɗauke da su. Ɗaukar su ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifi, kuma ƙasashen biyu kowacce na da fom ɗin da ake bayyana su a kai. Washegari da safe muka isa ƙauyen. Mai motar dattijo ne, malamin makaranta mai ritaya, ya fito mana da kwali cike da rasit tun na shekarun 1980, kilomita na hawa a cikinsu shekara bayan shekara ba tsalle, abin da ya tabbatar mini agogon bai taɓa zagayowa ba. Gani ya kori ji. Na bi jikin motar da mayen ƙarfe, ya kama ko'ina sai a bakin ƙafar baya ta dama inda aka taɓa cikewa da fila. Na ce kada a tayar da ita kafin mu zo, don in ji yadda take tashi da sanyin inji, kuma ya cika alkawari. Na gwada lambar da ke kan farantin ƙarfe a ɗakin inji da ta takardar rajista, harafi bayan harafi.

Dattijon dalar Kanada 12,500 ya sa. Kafin in buɗe baki Alhaji ya raɗa mini, "Malam, bar ni da shi, rabi za mu taya." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, nan ba kasuwar Maraɗi ba ce, in muka taya rabi zai rufe rumbunsa ya shiga gida." Abin da na lura da shi a cinikin mutanen nan shi ne ba sa jin daɗin a kushe musu kaya, amma suna sauraron takarda. Muka zauna a teburin kicin, na shimfiɗa rahoton garejin da sakamakon gwanjon da na buga, Alhaji na fassara, muna bin gyaran ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa. Ya sauko 10,500, na ce 9,000, aka yi shiru aka sha kofi. A ƙarshe ya sallama a 9,500, ya haɗa mini da kwalaye biyu na kayan gyara da ya tara. A canjin lokacin kimanin dalar Amurka 7,000 ke nan, ƙasa kaɗan da abin da ke rubuce a aljihuna. Ragowar kuɗin ta banki na tura, kuma sai washegari suka shiga asusunsa. A lura, banki na da nasa canjin wanda ya ɗara wanda ake gani a intanet, wannan ma kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi.

A daren nan wani sananne ya kira ni da shawara, wai in roƙi dattijon ya rubuta rabin kuɗin a takardar ciniki don haraji ya yi sauƙi. Na kawo maganar ne domin na san za a ba wani irin wannan shawara. Adadin da aka rubuta a wannan takarda zai bi ka wurare uku: kwastan, ofishin rajista, da kamfanin inshora. Jami'in kwastan na da ikon neman ganin tallan da shaidar banki, kuma yana da intanet a gabansa kamar kowa. In ya kama ƙarya, tara ce ko ƙwace motar. Ofishin rajista na iya ƙin yarda da kuɗin da ya yi ƙasa da darajar mota. Kamfanin inshora kuma, ranar da ka ce masa motarka ta kai dala 10,000, zai tambayi nawa ka saye ta. Na zauna na lissafa abin da ƙaryar za ta rage mini gaba ɗaya, bai cika dala 400 ba. Muka rubuta gaskiya, da Faransanci da Turanci, da sunan mota da shekara da lambar shasi da kuɗi da kwanan wata, har kwalayen kayan gyara muka sa a ciki. Na kuma zo da fom biyu na jihar New York, MV-912 na ciniki da DTF-802 na haraji, dattijon ya sa hannu a wuraren mai sayarwa, don kada in dawo gida in fara bin sa da wasiƙa. Daga nan muka je tare ofishin SAAQ, hukumar rajistar motoci ta lardin, muka ja lamba muka jira. Ya sauke motar daga wuyansa, lambar Quebec ta zauna a wurinsa, ni kuma na riƙe takardar rajistar ta asali. Ban biya harajin lardin ba, tunda ba a can zan yi mata rajista ba. Kafin mu kama hanya muka biya ta wurin wankin mota, muka sa ruwa mai ƙarfi muka wanke ƙarƙashinta da cikin ramukan tayoyi tas, saboda ma'aikatar gona ta Amurka ba ta yarda a shigo da ƙasa ko laka a jikin mota ba, kuma wannan daga rumbun gona ta fito.

Tun ina gida na kira ofishin kwastan na Champlain na tambayi lokacin da ya fi dacewa, aka ce in zo ranar aiki da rana. A ɓangaren Kanada babu inda ake tsayawa wajen fita. Da muka iso tagar jami'in Amurka, gabana na faɗuwa duk da ba ni da abin ɓoyewa, na gaya masa kai tsaye cewa motar da ke bayanmu sayo ta na yi, don amfanin kaina, kuma ina so in yi mata takardun shigowa. Ya karɓi fasfo ya nuna mana inda za mu ajiye, muka shiga ciki muka zauna a benci. Jiran ya kai kusan awa biyu, aikin kansa bai kai rabin awa ba. Na miƙa fom HS-7 na ma'aikatar sufuri, na yi alama a akwati na 1, wato mota mai shekara 25 ko fiye, da watan da aka ƙera ta kamar yadda yake a tambarin da ke jikin ƙofa. Wanda tasa ba ta da wannan tambari, ana karɓar rasit na sayen farko ko tsohuwar rajista da ta haura shekara 25. Na miƙa fom 3520-1 na hukumar muhalli da harafin E, na masu shekara 21 da injin asali. Jami'ar ta fita da mu ta buɗe ɗakin inji, ta gwada lambar shasi da takardu, ta leƙa ƙarƙashi, ta buɗe kwalayen. Sai lissafi. Harajin motar hawa kashi 2.5 cikin ɗari ne a lokacin, kuma sayen ta a Kanada bai sa ta zama 'yar Kanada ba, ƙasar da aka ƙera ta ake dubawa, wato Faransa, don haka yarjejeniyar ciniki da ke tsakanin Amurka da Kanada ba ta yafe mata komai ba. Da yake na haura awa 48 a waje kuma motar na tare da ni, an yafe mini dala 800 na farko. Dala 1,000 da ke biye aka caje su kashi 3, wato 30. Ragowar 5,200 a kashi 2.5, wato 130. Jimilla dala 160, na biya da kati. Alhaji ya ce a haɗa da nasa 800, jami'ar ta yi murmushi ta ce sai iyalin da ke gida ɗaya. Wanda ke da niyyar sayo tsohuwar a-kori-kura ya sani nata harajin a lokacin kashi 25 ne, ba 2.5 ba. A ƙarshe aka ba ni fom 7501, shaidar kwastan ta shigo da motar, da hatimi a kai. Kafin in bar kanta na sake bin lambar shasin da ke jikinsa a hankali, domin duk abin da zai biyo baya a kan wannan takarda yake tafiya, kuma gyara harafi ɗaya bayan ka isa Bronx na nufin komawa iyaka.

A New York inshora ake fara yi kafin rajista. Inshorar mota ta yau da kullum, in hatsari ya faru, ita ke yanke darajar motar a ranar, kuma ga ta 1978 abin da za ta yanke ba zai sayi tayoyi da fenti ba. Masu inshorar tsofaffin motoci kuwa kuna yarjejeniya a kan adadi tun farko. Sharuɗɗansu su ne kana da wata motar ta zirga-zirga, kuma wannan tana kwana a rufaffen wuri. A Bronx sharaɗi na biyun nan ba wasa ba ne, sai da na kama hayar gareji. Na kai takardar rajistar Quebec wurin mai fassara da ke ba da shaidar fassararsa, dala 60. Na yi kwafin komai na ajiye a gida kafin in kai na asali, sannan na ɗauki lokaci ta intanet na je ofishin rajista da fom MV-82 na neman rajista, da 7501 mai hatimi, da takardun ciniki, da katin inshora, da lasisina. A nan aka karɓi kuɗin da ya fi na kwastan ciwo: harajin saye na birnin New York kashi 8.875, dala 621. Takardar mallaka 50, farantin lamba 25, da sauran ƙananan kuɗaɗe na rajista da na yankin birni, duka kusan 200. Jihar na ba da takardar mallaka ga motocin 1973 zuwa sama, tawa ta shiga, amma ta gidan waya take zuwa bayan wasu makonni. Akwai farantin motocin tarihi ga masu shekara 25, sai dai na zuwa baje koli da jerin gwano ne, ba na kai yara Islamiyya ranar Asabar ba, don haka na karɓi na kowa da kowa. An ba ni kwana 10 in kai ta gwajin lafiya. Gwajin hayaƙi bai hau kanta ba saboda shekarunta, amma birki da fitilu da tayoyi sai sun cika.

Gyaran farko ya ci dala 1,800: bututun birki, lagireto, tayoyi huɗu, tiyon fetur, da waldar ƙarƙashin ƙofa. Wani makanike ɗan zangon Kumasi ne ya yi, wanda ya koyi aiki a kan irinta yana yaro, kuma da ya buɗe bonet sai da ya yi kabbara. Ƙananan kaya irin su gasket da robobi ƙanena ya aiko da su daga Kaduna a jakar wani matafiyi, a kuɗin da bai kai na aikowa daga Faransa ba. Sai dai ba komai ke shiga ba, domin na wannan nahiya an ƙara musu kayan rage hayaƙi, don haka a tura hoton tsohon kafin a sayo sabo. In aka tara duka, kuɗin mota 7,000, binciken gareji 150, tirela da mai da kuɗin hanya da masauki kusan 900, kwastan 160, haraji 621, rajista 200, fassara 60, gyara 1,800, abin ya doshi dala 10,900. Wato sama da rabin kuɗin motar ya hau kanta kafin in tuƙa ta a titin unguwarmu, kuma kwastan da kowa ke tsoro shi ne kusan mafi ƙanƙanta a ciki. Kamfanin inshora ya yarda da darajar 10,000 bayan ya ga hotuna da rasit, wanda ke nufin ko yau na sayar da ita ban mayar da kuɗina ba. Wanda zai yi irin wannan saye ya sa rabin kuɗin motar a gefe tun kafin ya taya, kuma in zai tsuke aljihu, kada ya tsuke a kan makaniken da zai ɗaga ta sama.

Hayar gareji ba ta cikin wannan lissafi, ita duk wata ce. Kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu motar ba ta fita ko ƙofa, domin New York ma gishiri take watsawa a titi kamar Quebec. Nakan cika tanki, in zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, in ƙara wa tayoyi iska, in cire kan batir.